Yadda na gyara agogon laptop ɗina da ke komawa baya da awa ɗaya

Kai, Alhamdulillah, yau dai agogon nan ya daidaita. Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba 2025 na ɗora Linux Mint, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban, kusa da shi a laptop ɗina, to kullum in na fito daga Mint na shiga Windows sai in ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif, ƙarfe huɗu ana kiran La'asar shi yana nuna uku.

Na zaci batirin CMOS ne, wato ƙaramin batirin da ke riƙe agogon cikin na'ura, na sayo sabo samfurin CR2032 a kasuwar Taminus aka canja, shiru. Na duba yankin lokaci, Africa/Lagos ne, daidai yake.

Ashe Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan UTC ne, wato ma'aunin lokaci na duniya, shi kuma Windows yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Najeriya UTC+1 muke, wato gaba da UTC da awa ɗaya, awar da ke ɓacewa kenan.

A cikin Mint na buɗe Terminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta:

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Sai na sake buga timedatectl kaɗai, ya nuna RTC in local TZ: yes. Zai jefo maka wani gargaɗi a ƙasa, kar ya dame ka, yawanci matsalar ƙasashen da ke canja agogo ce lokacin zafi da sanyi, mu ba ma yi. Daga nan na shiga Windows, Settings, Time & Language, na danna Sync now, na yi ristat ta kowane ɓangare, agogo ya zauna daram.

Godiya ga ƙanena da ya ankarar da ni maganar UTC ɗin, Allah ya saka.