Yadda na gyara romon haƙarƙari da daikon irin na Taiwan

A Taiwan da daikon (wata doguwar farar saiwa mai kama da ƙaton karas) da haƙarƙarin alade ake wannan romo, ni da na saniya nake yi. Nasu garau yake, nawa kuwa ya yi duhu, ga ɗaci.

Sai na fara sa haƙarƙarin a ruwan sanyi, ya tafasa minti 5, kumfa mai launin toka ta taso. Na zubar, na wanke ƙashin tas, na sake ruwa da citta, wuta ƙasa-ƙasa. Ɗacin daga ɓawon daikon ne, na fere shi da kauri. Naman saniya ba ya saurin nuna, don haka sai da ya yi awa ɗaya da rabi daikon ya shiga, ya dahu minti 30. Gishiri, farin masoro da seleri (wani ganye mai ƙamshi) a ƙarshe.