Kurakuran da muke yi in doki ya ji ciwo a ido

Ni wannan maganar ta daɗe tana cina, don na taɓa rasa idon doki da hannuna. Wani kili ne nake da shi, saura kwana biyar Hawan Daushe na zo barga da safe na tarar ya kanne idon hagu, hawaye na zuba har ya jiƙa masa kunci. Yaron da ke kula da shi ya ce ai ƙurar harawa ce ta shiga, ni ma na yarda, na aika kemis aka siyo min maganin ɗigawa irin wanda mutane ke sawa in ido ya yi ja. Kwana biyu kamar abin ya yi sauƙi, ran na huɗu baƙin idon ya koma kamar kindirmo, likita na zuwa ya karɓi kwalbar ya karanta ya girgiza kai kawai.

To babban kuskuren da ke cin idon dawakai kenan, ɗiga magani kafin a san abin da ke damun idon. Da yawa daga magungunan jan ido suna da sitiroyid, in ka duba jikin kwalbar za ka ga suna mai ƙarewa da "sone" ko "lone". Shi wannan yana kwantar da ja da kumburi, sai ka zaci warkewa ce, alhali in akwai ƙarzuwa a gilashin idon, wato garau ɗin nan da ya rufe baƙin ido, hana ta haɗewa yake, kuma ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, musamman irin na funfuna da suke cike a ciyawa da harawa. Fatar gilashin nan kaurinta bai wuce milimita 1 ba, in gyambo ya fara narkar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya hujewa. Gyaran kuwa ba wuya, likitan dabbobi yana da wata 'yar takarda mai kala da yake taɓawa a idon, duk inda ya ƙarzu sai ya kama kore shar, minti biyu an gama. Sai an yi wannan ake sanin wane magani ya dace. Ragowar maganin bara ma kar a taɓa shi, ko da dokin ɗaya ne.

Sannan akwai "bari mu ga zuwa gobe". Wallahi ido ba ya jiran gobe. Kuma ba sai ka ga jini ba, ka tsaya a gabansa ka kwatanta idon biyu, gashin idon lafiyayye kusan a miƙe yake yana kallon gefe, mai ciwo kuwa za ka ga ya sunkuyo ƙasa tun kafin ma ya fara kannewa. In ka haɗa da hawaye ko kwantsa, ko yana gudun rana yana cusa kai lungu, ko wani hazo-hazo a kan baƙin, ranar za ka kira likita. Wanda yake kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in can, in abin ya fi ƙarfin na gari.

Na gargajiya kuma, Allah ya jiƙan iyayenmu sun yi da abin da suke da shi, amma hura garin taba ko gishiri ko sukari ko toka a idon da ya riga ya ƙarzu kamar ka goga yashi ne a kan gyambo. Kwalli ma haka. Abin da kawai za ka iya sawa kafin likita ya iso shi ne ruwan gishirin asibiti, wanda ake ƙarin ruwa da shi, ka zuba a hankali da sirinji marar allura daga gefe. Kar ka danne idon da yatsa wai sai ka buɗe ka gani, tsokar fatar idon doki tana da ƙarfi sosai, in ƙwayar ta riga ta yi rauni kai za ka ƙarasa fasa ta. In kuma ƙaya ce ko tsinke ya soke ya tsaya, bar shi inda yake, shi ne ya toshe ramin.

Wani abin da ke ban takaici, doki ya kama fatar ido a ƙusa ko bakin bokitin ƙarfe ta yage tana reto, sai wani ya ɗauko reza ya yanke wai ai ta mutu. Ba ta mutu ba. Wurin nan jini na gudana sosai, in aka ɗinke da wuri haɗewa take tsaf, amma in ka yanke shikenan idon ba zai ƙara rufuwa daidai ba, kullum a bushe, kullum gyambo har ƙarshen rayuwarsa. Ka ɗora tsumma mai tsabta da ka jiƙa, ka jira mai ɗinki, kuma ka tuna masa da allurar sarƙe-haƙora don doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa.

Bayan an fara magani ma ana sakaci. An ce sau huɗu ko shida a rana, sai a ɗiga safe da yamma, ido na buɗewa a daina. A barshi ɗaure a turke tsakiyar rana ƙuda na bin hawayen yana goga fuska a gwiwa. Ka kai shi inuwa, ka sa masa ragar fuska, harawa a ƙasa a ɗan yayyafa mata ruwa saboda ƙura. In likita ya ba da atirofin, wanda ke buɗe ɗan tsakiyar ido, to hasken rana zai dame shi kwanaki, kuma ka riƙa lura da kashinsa don yana iya rage motsin hanji. Hawa kuwa a haƙura, ko da sallah ce.

Akwai kuma abin da ba rauni ba ne sam. In ido yana tashi ya lafa bayan wata biyu ya sake tashi ba tare da ya bugu ba, kumburin cikin ido ne mai dawowa, kowane tashi yana rage gani. In kuwa ramukan nan na saman ido duka biyun ne suka cika suka kumbura ga zazzaɓi, musamman da damina, kar ma ka tsaya neman maganin ido, ka raba shi da sauran dawakai ka kira likita yanzu-yanzu, don annobar dawakai da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa haka take nunawa.