Yadda na rage wa motata shan mai a hanyar Yamai

Motata ta fara shan mai fiye da ƙima tun shigowar hunturu. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka, amma kafin in kai Dogon Dutsi allurar mai ta riga ta kwanta, ga nauyi in na taka totur.

Da na kai ta gareji, makaniki ya buɗe matatar iska. Ƙurar hazo ta toshe ta ƙam. Ya ce: "Alhaji, injin da ba ya numfashi ai ba ya ja." Muka sa sabuwa, muka canza buji, da matatar mai, don man kwalba na bakin hanya yakan zo da datti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taya. Duka huɗun iskarsu ta yi ƙasa, kuma ido ba ya gane hakan. Taya mai laushi tana jan kwalta, tana zafi, tana iya fashewa da rana tsaka. Awon da ya dace yana nan rubuce a jikin ƙofar direba. Da safe ake aunawa, kafin tayar ta ɗau zafi.

Na kuma sauke ƙarfen kaya daga saman mota, iska yake tarewa. Gudu na tsaya a 90, na daina 120.

Don in tabbatar, na cika tanki a Maraɗi, na rubuta lambar kilomita, na sake cikawa a Konni. Litocin da ta sha sun ragu sosai, yanzu sai na wuce Doso nake neman gidan mai.