Ku raba fokas da maɓallin ɗauka

'Yan'uwa masu ɗaukar hoto, ku shiga saiti ku cire fokas daga maɓallin ɗauka, ku mayar da shi kan maɓallin AF-ON na bayan kyamara, inda babban yatsa ke sauka. Nikon da ba ta da shi, maɓallin AE-L/AF-L zai yi aikin. Ku bar kyamarar a AF-C, tsarin fokas mai bin abin da ke motsi, wato AI Servo a Canon.

A hawan sallah ake ganin amfaninsa: kana danne da AF-ON, fokas na bin doki yana sukuwa. Amarya a zaune kuwa, danna kan idonta ka saki. Ko wani ya gitta gabanka, fokas ba zai gudu ba. Da farko hannu kan manta, don haka ku saba a gida kafin ranar biki.