Yadda ake gwada dutsen hakmanait a gida

Hakmanait nau'i ne na ma'adinin sodalait wanda ke ɗauke da ɗan sinadarin farar wuta, kuma an raɗa masa sunan Victor Hackman, masanin duwatsu ɗan ƙasar Finlan. Wuraren da aka fi samun sa kaɗan ne: tsibirin Girinlan, dutsen Saint-Hilaire a lardin Kebek na Kanada, yankin Kola na Rasha, lardin Badakhshan na Afganistan, da kuma Mogok a ƙasar Myanmar. Darajarsa tana cikin yadda launinsa ke rikiɗewa idan hasken UV (wani haske da ido ba ya gani) ya same shi, sannan ya koɗe, kuma ana iya maimaita hakan sau da yawa ba tare da dutsen ya lalace ba.

Mai gwaji yana bukatar ɗaki mai duhu, da farar takarda, da tsabar kuɗi, da fitilar UV. Ƙaramar fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita za ta wadatar idan mai nanomita 365 ce (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), domin mai 395 tana fitar da shuɗin haske mai yawa wanda ke ruɗin ido. Mai nanomita 254 ta fi saurin fito da launin, sai dai haskenta yana ƙona fata yana kuma cutar da ido, saboda haka ba a kunna ta sai da tabarau na kariya.

Da farko a ɗora dutsen a kan takardar a ɗauki hotonsa, sannan a rufe wani sashe nasa da tsabar kuɗin, a kashe wutar ɗakin, a haska shi na kimanin minti ɗaya. Muddin fitilar 365 tana kunne, yawanci za a ga yana ƙyalli da launin ruwan lemo, kuma a nan ne mutane da dama suke gaggawar yanke hukunci. Wannan ƙyallin ba hujja ba ce, domin wani sodalait ɗin ma yana yin sa, kuma yana gushewa da zarar an kashe fitila. Hujjar tana bayyana ne bayan an kashe fitilar an kunna wutar ɗakin: idan an ɗaga tsabar kuɗin, sashen da haske ya taɓa zai zama ruwan hoda ko shunayya, wanda aka rufe kuwa yana nan da launinsa na asali. A ganina wannan iyakar da ke tsakanin sassan biyu ta fi duk wani bayanin mai sayarwa ƙarfi.

Dalilin sauyin shi ne hasken UV yana fizge ilektiron (ƙanƙanin ɓangaren ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki) daga sinadarin farar wutar, ya kai shi wani gurbi a jikin dutsen da babu sinadarin kulorin a cikinsa, inda yake maƙalewa ya riƙa shanye hasken kore da rawaya, ido kuwa ya ga shunayya. Farin haske mai ƙarfi ko zafi shi ke mayar da ilektiron ɗin mazauninsa, don haka a kammala gwajin da ajiye dutsen ƙarƙashin farar fitila har sai launin ya koɗe.

Hasken rana yana ɗauke da UV da farin haske a lokaci guda, shi ya sa duwatsun suke bambanta a cikinsa. Na Girinlan da na Kebek sukan koɗe a rana, na Afganistan da na Myanmar kuwa sukan fara da fari su yi shunayya, don haka ya dace a tambayi asalin dutsen kafin a zarge shi.

Taurinsa tsakanin 5.5 ne da 6 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, wato yashi yana iya karce shi. A wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a nisanta shi da asid, a kuma ajiye shi shi kaɗai cikin ƙyalle mai laushi.