Gudu da Juyin Injin a Kat-kat Mai Gazuwal: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Makon jiya na leƙa garejin wani abokina a nan Garwa, na tarar an sauke kan injin wata Land Cruiser an ajiye a gindin darbejiya. Direbanta, wanda bai fi shekara 25 ba, yana zaune a kan tsohuwar taya ya zabga tagumi. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce, "Wallahi Baba ban yi mata komai ba. Daga Marwa na taso, na ga hanya ta miƙe, na ce bari in ga iyakar gudunta." Wannan ce ta uku da na gani a bana da ciwo iri ɗaya. Shekarata 22 ina jan kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, mai gazuwal (dizal) tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, Garwa, Marwa da Kusiri, har a ƙetare gadar Ngeli a shiga Njamena, kuma na gaji da ganin yaran da ke shigowa sana'ar nan suna maimaita ɓarnar da mu muka riga muka biya kuɗinta.

Tushen abin shi ne yawancinsu allura ɗaya suke kallo, ta maleji. Ɗayar da ke gefenta, mai lamba 1, 2, 3, 4, 5, wadda ke nuna sau dubu nawa injin ke juyawa a minti ɗaya, sun ɗauka ado ce. Alhali ita ce ke gaya maka halin da injin ke ciki. Injin gazuwal ba na fetur ba ne. Fistin ɗinsa nauyi gare su, tafiyarsu doguwa ce, man kuma yana son ɗan lokaci kafin ya ƙone, shi ya sa ƙarfinsa yake a tsakiya, ba can sama ba. Ɗauki 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ke cikin Land Cruiser da yawa da ke yawo a arewacin Kamaru da Cadi: jansa yana cika a wajen juyi 2,200, ƙarfin dokinsa kuwa, wanda ya kusa 130, a 3,800 yake tsayawa. 5L na Hilux mai lita 3 shi ma a wajen 2,200 yake ja, ya ƙare a 4,000. Injinan Toyota masu turbo da ake kira D-4D tun kafin 2,000 sun fara ba ka abin da ke gare su, a 3,400 zuwa 3,600 sun gama magana. Abin da ka ƙara bayan nan kururuwa ce kawai da zafi da hayaƙi. Ni dai a doguwar tafiya tsakanin 2,000 da 2,600 nake riƙe allurata. In zan wuce tirela ko in hau tudu nakan bar ta ta taɓa 3,000 ko 3,200 na ɗan lokaci, sannan in dawo da ita. Akwai direbobin da za su ce maka ana iya wuni a 3,000. Ba na musu da su, amma ba da motar da ke hannuna ba.

Kuskuren farko shi ne wannan tambaya ta 'yan tasha, "Taka nawa take gudu?" Lambar ƙarshe da aka rubuta a maleji ba alkawari ba ce. Kat-kat doguwa ce, gabanta kamar bango, ga kaya an lafta mata a bisa. Daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, iskar da ke tura ta baya tana ninkawa fiye da sau biyu, haka ma tazarar da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai. Wannan ƙarin aiki gazuwal ne ke biyansa, gazuwal ɗin kuma zafi yake zama. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura 40, lagireto cike da ƙura da ƙaiƙayin ciyawa ba zai iya fitar da shi ba. Allurar zafi kan lafe a tsakiya ta yaudare ka, kafin ta motsa abu ya yi nisa. Kan 1HZ ba ya yafe tafasa: ko gasket ya ƙone, ko shi kansa ya tsage, kamar na yaron can.

Amma injin ma ba shi ne ke fara cin amanarka ba, taya ce, kuma wannan a jikina na koya. Wata shekara cikin bazara mun fito daga ƙauyukan bakin kogin Logon, inda na rage wa tayoyi iska saboda rairayi. Da muka hau kwalta na ce sai mun kai Marwa na ƙara. A Marwa maigida yana sauri, ni kuma na ji nauyin ce masa ya jira minti 15. Muka kama hanyar Garwa da mutum 6 da buhuna, ina tafiya 120. Kafin Figil tayar baya ta dama ta tarwatse. Motar ta yi wutsiya, ta sauka daga kwalta, ta kwanta a gefenta. Allah ya tsare rayuka, amma yaron motata ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi, kuma duk ranar da na haɗu da shi a kasuwa sai abin ya dawo mini sabo. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi daga ciki har roba ta rabu da waya. Ga shi kuma kowace taya an rubuta iyakar gudunta a jikinta da harafi ɗaya bayan lambar nauyi: L kilomita 120 ne, M 130, N 140, Q 160, S 180. Wannan iyaka ta sabuwar taya ce mai cikakkiyar iska, ba ta gwanjo da ta sha faci uku ba. Kai da ko duba harafin ba ka taɓa yi ba, da wane dalili kake ƙure maleji da rayukan mutane a bayanka? Tun daga ranar, famfo da ma'aunin iska ba sa barin ƙarƙashin kujerata, kuma da na bar rairayi nake tsayawa, ko wa na ɗauko. Da kaya ba na wuce 90. Ba kaya, a kwalta mai kyau, 100 ko 105 ya ishe ni, wanda a tawa wajen juyi 2,500 ke nan a giya ta biyar.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, domin manya ma suna koya wa yara shi da sunan dabara: sakin giya a gangare wai don a rage shan mai. Duk wanda ya san gangaren falez da ke tsakanin Ngaundere da Mbe ya san ba wurin wasa ba ne. Kana saukowa ne daga tudun Adamawa mai tsayin sama da mita 1,000 zuwa kwarin Binuwai, kwana bayan kwana, ga tireloli masu kayan Cadi suna rarrafe a gabanka. A shekarata ta uku da karɓar mota na saki giya a wurin nan, yadda na ga wanda ya koya mini yana yi. Na dinga taka birki har na fara jin ƙauri, sai ƙafata ta fara nutsewa, motar kuma ba ta saurare ni ba. Maleji ya kusa 80. Cikin ruɗewa na nemi giya ta uku, hannuna ya danna ta biyu da ƙarfin tsiya, na saki kuloci. Ƙarar da injin nan ya yi ban taɓa jin irinta ba. Motar ta rage gudu, na samu na raɓa ta gefe, amma bawul sun gaisa da fistin, farantin kuloci ya farfashe. Albashin wata 5 aka yanke mini, aikin ma daga baya na rasa shi, a lokacin da matata ke da tsohon ciki.

Ku saurara da kyau, domin a nan ne ake ruɗuwa. Akwai na'ura a cikin famfon gazuwal da ke rage mai idan juyi ya kai iyaka, shi ya sa ko ka take totur har ƙasa injin ba ya wuce wani mataki. Sai yara su ɗauka injin gazuwal ba ya iya wuce jan layin da ke kan ma'aunin juyi. Yana iyawa mana! Na'urar nan mai kawai take hanawa. Idan tayoyi ne ke juya injin, kamar a gangare, ba ta da ta cewa. A kilomita 80 a giya ta biyu, juyin ya haura 5,000 a injin da aka gina ya tsaya a ƙasa da haka nesa. Kuma man da kake cewa kana tattali, wane mai? Idan mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, famfo kusan yanke man yake yi gaba ɗaya. A sake kuwa dole ya ci gaba da ba shi na zaman silo. Wato ka sayar da birkinka a banza. Masu kashe injin ɗungurum a gangare kuwa ban san me zan ce musu ba, domin da injin ya mutu taimakon birki da laushin sitiyari sun tafi tare da shi.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya. Tun a saman gangare, kafin mota ta ɗauki gudu, nake shiga giyar da zan hau wurin da ita in da hawa nake yi, ta uku in ba kaya, ta biyu in da nauyi. Injin gazuwal ba ya riƙe mota sosai kamar na fetur, don haka da wuri ake shiga, ba bayan ta kuɓuce ba. Allura na kaiwa 3,000 sai in taka birki da ƙarfi sau ɗaya ta sauko 2,200, in ɗaga ƙafa birki ya sha iska. Masu bayana su yi ta ham, su wuce abinsu.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda masu ganin su ne masu tausayin injin suke yi: a giya ta biyar, a kilomita 45, allura a 1,200, ƙafa a ƙasa, mota na kakkarwa, salansa na aman baƙin hayaƙi. Wannan ba tausayi ba ne, duka ne a kan karanshaf da kuloci. In ka taka totur allura ba ta tashi ba, sauko da giya. Ni ba na barin 1HZ ya ja nauyi ƙasa da 1,600. Giya ta biyar ma ta hutu ce, ba ta jan wata mota ko hawan tudu da kaya ba. Ta huɗu ce ke haɗa injin da tayoyi kai tsaye, ita ta fi jure wahala.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Kada ka bar mota a H4, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, a busasshiyar kwalta: Hilux da Land Cruiser ta 70 ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, don haka ƙarafan ke murɗe juna, tayoyi su cinye. L4, wato giyar tayoyi huɗu mai ƙarfin ja da tafiya a hankali, ta taɓo ce da rairayi da duwatsun Mandara. A Hilux tana rage gudu fiye da ninki biyu da rabi, sai ka tsaya cak ake shiga, kuma in ka ga kana neman wuce 30 a cikinta, lokacin fita ya yi. In ka kafe a laka lokacin damina a hanyar Mora zuwa Dabanga, kururuwar 4,000 rami kawai take haƙa maka; giya ta biyu a L4 da juyi 2,000 ta fi fitar da kai. Da asubar hunturu a Ngaundere, jira fitilar ɗumama injin ta mutu kafin ka murɗa makulli, kuma kada ka bi shi da totur, bar baƙin mai ya zagaya tukuna. Mai turbo, bayan doguwar tafiya bar ta a silo minti 1 zuwa 2 kafin ka kashe. In ka sa tayoyin da suka fi na asali girma, maleji zai riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi. Bel ɗin da ke daidaita bawul a 1HZ, ni a kilomita 100,000 nake canza shi, ba na jiran gardama. Gazuwal na zuwa-zuwa na bakin hanya kuwa, tsohon famfo kan haɗiye shi in an tace, amma nozul ɗin D-4D ba sa yafe ruwa ko ƙasa.

Ɗaya ya rage wanda ba kasafai ake ganinsa ba, sau ɗaya na taɓa gani a Kusiri, amma wanda bai san shi ba gudu yake ya bar mota. Idan an cika baƙin mai ya wuce alama, ko turbo ya fara yoyo, injin kan soma shan man jikinsa a madadin gazuwal. Juyi ya haye sama shi kaɗai, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. Ba ka da lokacin kiran makaniki. Ja birkin hannu, danne birkin ƙafa, sa giya ta biyar ko ta huɗu, ka saki kuloci ya shaƙe shi. In bai mutu ba, a toshe bakin shan iskarsa da katako ko faranti mai faɗi, ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumma ba, domin zuƙe shi zai yi. Bayan ya mutu kada ka sake tayar da shi sai an gano ta inda man ya shiga.