Yadda ake warware katunan sihiri a wasan Magic ba tare da gardama ba

Rabin gardamar da ke tashi a teburin Magic: The Gathering a kan tambaya ɗaya take: nawa ne ya fara aiki ko naka? Richard Garfield ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, amma sai a dokokin bugu na shida a 1999 aka kawo tsarin da ake bi yau, wato tsibin da 'yan wasa ke kira sitak.

Abu na farko, ka sa a ranka cewa katin da ka jefa ba ya aiki nan take. Za ka bayyana shi, ka faɗi abin da ka auna, ka biya farashinsa, sai ya hau tsibi ya jira. Kamar buhunan da aka loda a mota ne, na ƙarshen hawa shi ake fara saukewa.

Na biyu, ka san wa ke da damar motsi. Mai zagaye, wato wanda layin wasa ya zo kansa, shi ke fara samunta. Idan ka jefa kati damar tana hannunka tukuna, ka ƙara wani ko ka ce ka wuce. Sai abokin karawarka ya mayar da martani ko shi ma ya wuce. In kun wuce a jere, kati ɗaya tak ne zai yi aiki, na sama, sannan dama ta koma ga mai zagaye. Sababbin shiga kan kwashe tsibin gaba ɗaya a lokaci guda, kuma wannan kuskure ne.

Ga misali. Kana da Grizzly Bears, katin halitta na beyar, mai ƙarfi 2 da juriya 2. Abokinka ya auna shi da Lightning Bolt, mai ɓarna 3. Ka mayar da Giant Growth, wanda ke ƙara 3 a ƙarfi, 3 a juriya. Naka ne a sama, beyar ya zama 5 da 5, tsawar ta sauka bai ko gezau ba. To juya lamarin. Kai ka yi gaggawa ka fara jefa Giant Growth, shi ya ɗora Lightning Bolt a kai. Beyar ya mutu yana 2 da 2, katinka ya zo bai tarar da kowa ba, ya wuce makabarta, wato inda ake ajiye katunan da suka gama, bai yi komai ba, abin da ka biya kuma ya tafi. Katuna biyu ka yi asara a kan ɗaya nasa. Shi ya sa a ganina irin wannan kati riƙe shi ake yi sai an taɓa ka.

Sai baiwar da ke tashi da kanta, wato aikin da aka rubuta a jikin kati wanda ke farawa idan wani sharaɗi ya cika. A katin Turanci za ka gane ta da kalmar when, whenever ko at a farkonta. Da zarar sharaɗinta ya cika ta tashi, ko da ana tsakiyar aikin wani kati, amma ba ta katse shi. Tana jira a gama, a duba fili a kwashe halittun da ɓarna ta kashe, sannan ta hau tsibi kafin kowa ya sami damar motsi. Daga nan ana iya yi mata martani.

A nan ake yawan cin mutane. Halittar Soul Warden na ba mai ita rai 1 duk lokacin da wata halitta ta shigo fili. Baiwar ta hau tsibi, ka kashe Soul Warden da sauri, amma duk da haka mai ita zai sami ransa, domin baiwar ta riga ta rabu da katin da ya haife ta. Kisan ya hana na gaba ne kawai.

In baiwa da yawa suka tashi tare, mai zagaye ne ke fara jera nasa yadda ya ga dama, sannan ɗayan ya ɗora nasa a sama. Ka lura da sakamakon: na wanda ba zagayensa ba ne za su fara aiki. Naka kuwa, wanda kake so ya riga aiki shi za ka ajiye a ƙarshe. Ka faɗi jerin da baki, kada ka bar shi a zuci.

Wasu abubuwa ba sa hawa tsibi sam. Ajiye katin ƙasa, wato wanda ake biyan farashin sauran katuna da shi, ba a yi masa martani, haka juya ƙasa don biyan farashi. Idan kati ya ce ka sadaukar da halitta a matsayin farashi, ta riga ta tafi kafin abokinka ya buɗe baki. Katin sihiri nau'in sorcery kuma sai a babban zangon zagayenka, tsibi babu komai, yayin da nau'in instant, irin su Lightning Bolt da Giant Growth, ke fita duk lokacin da damar motsi take hannunka, har a zagayen abokin karawa.